Ɗigon Ja a Gindin Dutse

Ranar Lahadi

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Mama da yara, da matarka wadda har yau bakina bai saba kiranta Gwamnati yadda kake yi ba.

Na san za ka yi dariya ka ce wa ke rubuta wasiƙa a zamanin waya. Mama ba ta jin magana a waya, sai dai ta ce "to, to" ta miƙa maka, amma wasiƙa za ka iya karanta mata a kunnenta mai kyau. Ban da haka ka san halina: in ban rubuta abu ba, ni kaina ban san me nake nufi ba.

Tun ranar da ka gaya mini cewa kullum da safe Mama tana ɗaure kayanta a zane ta zauna bakin ƙofa tana jiran a mayar da ita gida, ban sami natsuwa ba. Wane gida? Ni da kai muna tsaye katafila ta bi ta kan ɗakin girkinmu. Yanzu motoci ne ke gudu a inda muke shanya. Da ina da wuri da na ɗauke ta, to amma ɗaki ɗaya gare ni a saman shagon tabarau da nake aiki, matakalar kuwa ni ma sai na huta a tsakiya.

Na yi ta tunanin ɗakin da kuka ba ta. Ɗaki ne mai kyau, Allah ya saka muku. Sai dai tagarsa bangon maƙwabci take kallo. Matar da ta tsufa tana zama a ƙofar baya kowace yamma, tana ninke wanki tana kallon dutsen nan da hanyar da ta biyo ta gindinsa, yau an ba ta bulo ta kalla.

To ga abin da na yi, kuma kada ka yi dariya. Tun bara nake zuwa wani ajin zane ranar Asabar, ban gaya wa kowa ba. Da fentin akirilik muke aiki, irin wanda ake sirkawa da ruwa. Fenti ne marar haƙuri, kafin mutum ya yanke shawara ya bushe. Ni kuwa ka san yanke shawarata. Burushin da suka sandare a hannuna ina tsaye ina tunani sun cika kwalba. Malaminmu, wani dattijo da fenti ba ya rabuwa da farcensa, yakan tsaya a bayana ya ce, "Baiwar Allah, fentin nan fa ba zai jira ki gama shawara da dangi ba."

Na samo hoton da marigayi Baba ya ɗauka da kyamararsa daga ƙofar baya. Na ja masa layuka gida-gida, na ja irinsu a kan kanbas, ƙyallen da ake fenti a kai, na kwashe abin da ke kowane gida na mayar. Kowace bishiya tana inda Allah ya ajiye ta. Har wayar lantarki na sa, da tsagar nan ta gefen dutsen.

Dogo direba zai kawo maka shi tare da wannan takarda. Ka rataya shi a bangon da ke fuskantar gadonta. Ka tuna mata ta sa tabarau ɗin da na haɗa mata, don ta ga aikin sosai.

Ban sani ba ko zai yi wani amfani. Na rubuta a littafina cewa wataƙila wauta ce, na soke, na sake rubutawa. Amma zama haka kawai ya fi wautar ciwo.

Ka gaishe mini da kowa. Na bar ku lafiya.

Yayarka

*

Yaya Mai Awo,

Salamu alaikum. Gaisuwa irin ta ƙani da yayarsa, wadda ba ta ƙarewa. Muna nan lafiya, sai godiya.

Saƙo ya iso. Dogo ya rungumo shi kamar jaririn da aka ba shi amana. Ashe mai zane gare mu a gida muna zaune! Da na buɗe, wallahi na ɗauka hoto aka kai aka wanke babba. Gwamnati ta bar keken ɗinkinta ta zo ta tsaya, ta ce, "Yanzu Yaya ce ta yi wannan da hannu? Kai kuwa ko sunanka ba ka iya rubutawa a miƙe." Kin ga abin da kika jawo mini.

Na buga ƙusa, na buga yatsa, na rataya. Muka shigo da Mama. Ta matsa har hancinta ya kusa taɓa shi, ta ja da baya, ta karkata kai, ta ce, "Kalandar wane kamfani ce wannan? Sun manta ba su sa ranaku ba."

Na ce, "Mama, bayan gidanmu ne fa. Yaya ce ta zana miki."

Ta ce, "Mai tabarau? Allah ya yi mata albarka, ta sha wahala." Ta sake dubawa. "Amma wannan ba bayan gidana ba ne. Bayan gidana ba shi da tarkace haka. Kuma babu ja."

Na ce, "Wane ja, Mama?"

Ta ce, "Ja mana. Sai ka ce ba a gidan aka haife ka ba." Ta koma ta zauna kan ƙunshinta.

Zancen tabarau kuma, Yaya, ki yi haƙuri. Suna cikin gwangwanin allura da zare, inda suka sauka tun ranar da kika ba ta. Na ɗauko na miƙa mata, ta ce in mayar, wai ba abin da suke nuna mata sai ƙurar da ba ta dame ta ba da tsufan mutanen da take so.

Abinci har yanzu sai lallashi. Ta kai cokali baki kaɗan ta ture kwano, ta ce ba ta son cika ciki tana da tafiya. Ni da safe nake fita gareji, sai Gwamnati ce ke fama, ido ɗaya kan allura, ido ɗaya kan ƙofa.

Na yi ta tunanin jan nan ina ƙarƙashin wata mota, har mai ya ɗigo mini a ido. Ni dai ina ganin fure take nufi. Tsofaffi da fure, kin sani. Na ba Dogo zanen ya dawo miki da shi ko za ki yayyafa masa kaɗan. Kada ranki ya ɓaci. Ni a wurina ya yi, in Mama ta ƙi, ni ina so a gareji.

Yara suna gaishe ki. Sai na ji daga gare ki.

Naki, Auta

*

Ranar Laraba

Ƙanena Auta,

Wa alaikumus salam. Na sami wasiƙarka, na gode, kuma raina bai ɓaci ba. Na dai karanta zancen kalandar har ya zauna mini a ka, ina haɗa wa mutane gilashi ina jin sa.

Na bi shawararka, amma sai da na yi bincike tukuna. Na aro madubin ƙara girma na shago, na bi duk hotunan Baba na bayan gida ɗaya bayan ɗaya. Babu ja. Rufin maƙwabta ruwan toka ne, ƙasar hanyar fara-fara ce, ko tsumma ja babu a kan igiya. Na rufe ido na nemi fure a tunanina, ban samu ba. Amma tunda ni ban tuna ba ba shi ne babu ba, sai na ce wataƙila kai ne da gaskiya.

Alherin fentin nan ɗaya ne: in ya bushe ana iya bi ta kansa da wani, ya rufe kuskure kamar ba a yi ba. Na shafe wayar lantarki da wasu duwatsu tunda ta ce tarkace. Na jera fure ja a gefen hanya, kowanne da ganyensa. Sharrinsa kuma shi ne yana bushewa ya ƙara duhu. Jan da na zaɓa mai haske ne a kan faranti, da gari ya waye na same shi kamar tsatsa. Na sake bi, na sake bi, har wurin ya yi tudu.

Na kai aji ranar Asabar. Malam ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wannan ba dutse ba ne, rahoton dutse ne. Da kotu za a kai shi da kin ci shari'a." 'Yan aji suka yi dariya, ni ma na yi don kada a ce na ji haushi. Sai ya ɗauko wani tsohon littafi ya buɗe mini. Masu zane ne na dā a wata ƙasa mai nisa. Su sai su yi dutse ƙato har ya kusa fita daga takarda, su bar rabin wurin fari fat su ce gajimare ne, can ƙasa kuma su ɗiga mutum ɗan mitsitsi yana tafiya. Ya buɗe wasu kuma da suka yi sama kore, gona shuɗiya, ba wanda ya kama su. Ya ce, "Ke da kika tsaya a ƙofar nan kina yarinya, me kika ji?"

Na ce, "Malam, ban ji komai ba. Aunawa na yi."

Ya ce to in je in ji, in dawo.

Ban gane yadda ake zuwa a ji ba, Auta. Ni abin da na iya shi ne in sa abu ya fito tar, aikina ke nan tun da na bar makaranta. Ga shi nan dai na sake aikowa. In wannan ma kalanda ce, ka gaya mini gaskiya, kada ka ɓoye mini.

A gaishe da Mama da kyau, a ce mata ta daure ta ci abinci. A gaishe da mai ɗinki, Allah ya biya ta.

Yayarka

*

Yaya,

Salamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Wannan karon ba ni da ban dariya da yawa, ki yi haƙuri.

Zanen ya iso. Mama ta kalla ta ce, "Wa ya shuka mini fure a hanya? Ja ɗaya ne, ba taro ba." Ta juya masa baya. Shi ke nan abin da ta ce a kansa.

Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne shekaranjiya Mama ta fita. Wata mai kaya ta zo gwaji, Gwamnati ta shiga da ita ciki ta riƙe mata madubi, kafin ta fito ƙofa a buɗe, ba Mama ba ƙunshi. Ta kira ni tana kuka, na baro mota a kan jak na fito da baƙin mai a hannu. Muka raba unguwa, ita gabas ni yamma. Na shiga kantin magani, na shiga wurin mai aski, na leƙa har cikin kwalbati, Yaya, Allah ya sani abin da na yi tunani.

Sai wajen la'asar wata mai sayar da lemo a tashar bas ta yafuto ni ta ce, "Kai ne ɗan tsohuwar nan? Kun yi kama a goshi." Ga Mama can zaune kan ƙunshinta a inuwar rumfa, ƙafafu sun kumbura, an ba ta ruwa ta ƙi sha. Wai duk motar da ta tsaya sai ta tambayi direba ko yana bi ta gindin dutse.

Na durƙusa na ce, "Mama, so kike ki kashe ni?"

Ta shafa kaina ta ce, "Dubi hannunka, ko wankewa ba ka yi ba."

A hanya na ce mata, "Mama, kin san fa an rushe gidan nan." Ta ce, "Na sani, ai ba hauka nake ba. Ba gini nake nema ba. Yammar garin nan ce ba ta da abin kallo. Rana ta faɗi haka kawai, ba wanda ke zuwa."

Likita ya duba ƙafar, ya ce ba komai. Amma ya ce in fitar ta ci gaba, akwai ƙwayar da zai ba ta ta kwantar da ita, sai dai yawancin yini barci za ta riƙa yi. Ko kuma mu kulle ƙofa. Na sayi kwaɗo, Yaya. Yana aljihuna tun jiya, yana buga mini cinya duk inda na juya. Na je ƙofar na tsaya na dawo. Ta yaya zan kulle matar da ta goya ni? Amma Gwamnati ta rame, ta daina karɓar ɗinki, ko wanka ba ta shiga sai na dawo. Ba ta yi ƙorafi ba, shi ya fi damuna. In Mama ta sake ɗaukar ƙunshin nan ta nufi titi, zan sa kwaɗon, ki yafe mini.

Ki bar wahalar da kanki da fenti. Kin yi iya yinki. Ki dai sa mu a addu'a.

Ƙanenki

*

Ranar Litinin

Auta ƙanena,

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara tsarewa, ya saka wa mai lemon nan da alheri. Ka riƙe kwaɗon a aljihu har ka gama karanta wannan.

Ka ce in bar fenti, kuma na bari. Na wanke faranti na kife. Amma ranar Alhamis da yamma, muna shirin rufe shago, na tsaya a bakin ƙofa na cire tabarau ɗina zan goge. Ka san ba na cire su sai zan kwanta. Da na ɗaga kai sai titin gaba ɗaya ya narke. Motoci suka zama jirwaye, gine-gine suka zama dunƙule-dunƙule, babu layi ko ɗaya. Can tsallake sai ga wani abu ja, ɗaya tak, yana ɗan rawa yana matsowa. Na mayar da tabarau: wata mata ce ɗauke da jan baho.

Auta, idona idon Mama ne. Ni na gwada nata a shago da hannuna, lambarmu kusan ɗaya ce. Abin da na gani a titin nan ba tabarau, haka Mama ta ga duniya tun tana budurwa. Ba ta taɓa ganin wayar lantarki a bayan gidan nan ba, ba ta taɓa ganin tsagar dutse ba. Ni da ke sayar da gani, na zana mata abin da kyamara ta gani.

Ina tsaye da tsumman gogewa a hannu sai jan ya faɗo mini. Laimar Baba. Jar laimar nan da yake riƙewa ko rana ko ruwa, wadda kake ɓuya in ya biyo ta makarantarku da ita. Kowace yamma in ya taso daga aiki a gidan ruwa, ta gindin dutsen yake biyowa. Ba ta cikin hotuna don mai laimar shi ne ke riƙe da kyamara. Ashe ba dutse Mama take kallo ba duk shekarun nan.

Na hau sama ban ko ci abinci ba. Na jingina sabon kanbas da bango a ƙasa, na zauna kan 'yar kujera irin tata. Na cire tabarau na sa a aljihun tebur na tura, don na san kaina. Ƙananan burushin ba su da amfani tunda ba na ganin bakinsu, sai na ɗauki babba irin na masu fentin gida, da soson wanke-wanke. Na yi dutsen dunƙule guda, shuɗi da ja-ja a haɗe, yadda yake zama in rana ta koma bayansa. Na zuba rawaya a sama na ja ta da soso tun tana ɗanya. Kore na watsa shi kawai. Hanyar kuwa gefen hannuna na sa na share. Ina yi ina jin ƙamshin wankin da Mama ke ninkewa, da yadda take yin shiru ta daina amsa mana in lokacin ya yi. Saurin bushewar da na daɗe ina tsine wa shi ya taimake ni, don bai bar mini lokacin shakka ba. Daga ƙarshe na matsa ja a babban yatsana na dangwala a can nesa, inda hanya ta fito daga bayan dutse. Sau ɗaya.

Da na mayar da tabarau na kusa kuka. Kamar yara sun yi faɗa da fenti. Na ɗauki ƙaramin burushi zan gyara ko da gefen dutsen ne, na tsaya, na ajiye. Ranar Asabar Malam ya jingina shi da bango ya koma ƙarshen aji ya tsaya. Bai yaba ba, bai kushe ba. Cewa ya yi, "Wa ke tafe?" 

Ga tsorona, kuma shi ya sa na kwana da zanen kafin in kira Dogo. Ina tsoron in tayar mata da mikin da ya fara warkewa. Ina tsoron ta ga jan ta ce za ta fita tarbarsa, in zama ni na ƙara tura ta titi. Kai ke tare da ita, kai ka san yadda take kwana da tashi. Ka duba shi kai da matarka. In kun ga bai dace ba, ku juya shi bayan kabad, ba zan tambaya ba.

In kuma za ku rataya, a yi ƙasa-ƙasa, a ajiye mata 'yar kujera daga nesa, kuma a bari sai yamma. Kada a ba ta tabarau.

Allah ya sa ban yi ɓarna ba. Na bar ku cikin amincinsa.

Yayarka

*

Yaya Mai Yatsa,

Salamu alaikum, da gaisuwa buhu-buhu. Na canja miki suna, awo ya ƙare.

A gareji na buɗe shi. Na ce shi ke nan, Dogo ya bar ruwa ya dake shi a hanya, har na ɗauko waya zan zage shi. Na kai gida na nuna wa Gwamnati a ɗakin ɗinki. Ta karanta wasiƙarki, ta ce, "Kai ma ja da baya mana, ka manne masa kamar za ka canja masa taya." Na ja da baya har na jingina da ƙofa, na ɗan runtse ido. Yaya, sai ga Baba. Na rantse miki har tafiyarsa na gani, yadda yake ɗan jan ƙafar hagu. Na fita tsakar gida na yi kamar ina neman wani abu.

Mun kwana biyu muna ja-in-ja. Ni na ce a ɓoye, tsoron da kike ji ya kama ni. Gwamnati ta ce, "Kwaɗo na aljihunka, ƙwaya na wurin likita, me ya rage da za mu ji tsoro?" Kin san ba a ja da Gwamnati.

Jiya da yamma na rataya shi ƙasa-ƙasa, na ajiye kujerar. Mama tana bakin ƙofa kan ƙunshinta. Na ce, "Mama, zo ki ga wani abu."

Ta ce, "In kalanda ce na ƙoshi."

Ta dai taso, ƙunshi a hammata. Tana shiga ɗakin ta tsaya cak. Ba wanda ya nuna mata kujera, da kanta ta laluba ta zauna, ta ɗora ƙunshin a cinya. Muna bakin ƙofa ni da Gwamnati muna leƙe. Ta daɗe tana kallo. Sai muka ji ta ce, a hankali, "Yau ya makara."

Muka kalli juna ni da Gwamnati. Sai ta yi wata 'yar dariya, ta goge ido da gefen mayafi, ta ce, "Ke mai keke, ɗora ruwan shayi."

Kafin ruwa ya tafasa ta kwance ƙunshin. Ta fito da zannuwanta ta shiga ninkewa a cinya ɗaya bayan ɗaya, tana yi tana ɗaga kai. Da ta gama ta miƙo mini ta ce in sa a kabad. Na ce, "Mama, tafiyar fa?"

Ta ce, "Ina za ni mutum yana hanya?"

Ta sha shayi, ta ci abinci har ta ce gishiri bai ji ba. Gwamnati ta ce tunda aka fara kushe mata girki, lafiya ta samu. Yau da safe ba ta je bakin ƙofa ba. Ta tambaye ni ƙarfe nawa, ta ce a tashe ta in rana ta yi sanyi.

Kwaɗon na sa shi a akwatin sifanuna, dama masu aro sun ishe ni.

Abu ɗaya ne ya hana ni sakin jiki. Ban sani ba ko ta ɗauka da gaske Baba ne zai shigo. Na so in tambaye ta, bakina ya ƙi. Yanzu haka ta kore ni daga ɗakin, ta ce Gwamnati ta kawo biro, wai tana da magana da ke wadda ba ta shafi makanikai ba. Ga takardar nan a ciki, an liƙe, ban karanta ba.

Naki har kullum, Auta

*

Zuwa ga mai tabarau,

Ina gaishe ki, ina sa miki albarka. Mai keke ce ke rubutawa, ni ke faɗa, kuma na ce kada ta gyara mini magana.

Ƙanenki yana ta leƙena kamar na zautu. Ki gaya masa hankalina ɗaya. Na san ubanku ya rasu, ni na rufe masa ido.

Laimar nan ni na saya masa, muna sabon aure. Da gangan na zaɓi ja. Idona ba ya kai nesa, kuma na ji kunyar in gaya masa ba na gane shi sai ya zo dab da ni. Ya ce abokan aiki za su yi masa dariya. Suka yi, ya riƙe abarsa. In ta tsufa ya sayo wata, ja. Bai taɓa tambayata dalili ba, ni ma ban taɓa faɗa ba sai yau.

Kin ɗan yi masa ƙiba, amma ba komai. Kada ki sake taɓa shi da burushi, na san halinki. Kada ki matso da shi kusa. Nan inda kika ajiye shi, ya fito daga bayan dutse bai iso ba tukuna, duk yinin Allah ba lokacin da na fi so kamar wannan.

In kin sami hutu ki zo. Akwai wuri kusa da kujerata. Ki bar tabarau ɗinki a jaka.

Mamarki